Maryamu Ya Tashi da Asuba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, kamar yadda kika koya mini fara wasiƙa. Na san wannan ba za ta kai hannunki ba. Amma aikina rubuta labari ne, kuma ga labari ya same ni wanda ke kaɗai nake so in ba.

Gida lafiya. An haƙa cittar da kika shuka a Fadan Kagoma, ta yi kyau. Baba ya koma Kafanchan wurin ɗanki Yohanna, yana cin abinci, sai dai ya rage magana.

Mama, an ƙwace mana muryar jana'izarki.

Yohanna ya ɗauki bidiyon sujadar, ya ɗora a intanet saboda 'yan'uwan da ba su samu zuwa ba. Ko awa ɗaya ba a yi ba, shafin ya kashe sautin daidai wurin da matan zumunta suke rera waƙarki ta Ista. Sai ki ga bakuna suna motsi, hannuwa suna bugun tulu, Mama Saratu ƙawarki tana kuka, amma shiru. Sanarwar da aka aiko ta ce waƙar tana da mai ita, kuma ba mu da lasisin amfani da ita.

Na yi fushi, amma mamaki ya fi fushin yawa. Ba mutum ne ya saurare mu ba, na'ura ce. A cikin kuka da ƙarar janareta da muryoyin tsofaffi, ta tsinto karin waƙar da kika haɗa kina tankaɗen gari, ta gane shi cikin tulin waƙoƙin duniya. Kin taɓa tunanin akwai kunne irin wannan? Ta san waƙarki sarai. Sunanki ne kawai ba ta sani ba.

Na bi sawu kamar yadda aka koya mini a ɗakin labarai. Wata matashiyar mawaƙiya ce a Jos ta rera ta da kayan kiɗan zamani, kamfanin da ke rarraba mata waƙoƙi ya yi rajistarta da sunanta. Ba ɓarauniya ba ce. A bakin kakarta ta ji ta, ta ɗauka tsohuwar waƙar coci ce marar mai ita. A ƙarƙashin bidiyonta na ga mutane suna rubuta godiya daga ƙasashen da ba ki taɓa jin sunansu ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita take saurare kafin ta shiga aiki. Ke da ba ki taɓa wuce Kaduna ba!

Lauyar da na gani ta ce doka tana bayan wanda ya ƙirƙiri waƙa tun daga ranar da aka naɗe ta, ko da bai yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan shekara saba'in bayan rasuwarsa. Amma sai da hujja. Muna da kaset ɗin da Baba ya naɗa a taron zumunta tun ina firamare, sai dai wa zai tabbatar ba ke ma kin jiyo ta ba ne a wani wuri?

A nan ne zan faɗa miki abin da na ɓoye. Kin tuna baitin farko? Maryamu ya tashi da asuba, ya tarar dutse ya kauce. A yarenmu ba a raba mace da namiji a magana, don haka a Hausarki kowa "ya" ne, ni ma "kai" kike ce mini. Shekarar da na fara aikin jarida na zo hutu, na gyara miki a gaban matan zumunta. Na ce Maryamu mace ce, "ta tashi" ake cewa. Kika yi dariya, kika ce Ubangiji ya gane wadda kike nufi. Ban yi dariya ba. Kunyar Hausarki nake ji, Mama. Shi ya sa ban taɓa gayyato abokan aikina gida ba. Kin lura? Na san kin lura.

Mawaƙiyar nan Hausarta tsaf take, duk sauran waƙoƙinta babu kuskure ko ɗaya. Amma a wannan, "Maryamu ya tashi" ta ce. Haka kakarta ta ba ta, haka ta karɓa. Mama Saratu da mata huɗu suka sa hannu a takarda cewa suna wurin ranar da kika fara koyar da ita, suna kuma wurin ranar da 'yarki 'yar boko ta so ta gyara. Da kin saurare ni, da na goge sa hannunki da hannuna.

Da aka aika wa yarinyar kaset ɗin, ba ta yi gardama ba. Ta kira ni tana kuka, ta nemi hotonki.

Sai lauya ta tambaye mu irin lasisin da muke so. Ashe yanzu ana iya buɗe ƙofa a rubuce: kowa ya rera, ya naɗa, ya raba, sharaɗin kawai a ambaci mai waƙar. Shi muka zaɓa, ni da Baba da Yohanna. Na san ba ki taɓa cewa kin yi waƙa ba, kullum cewa kike an ba ki. Za ki yarda da sunanki a kai? Ban sani ba. Amma na ga abin da ke faruwa da waƙar da ba ta da suna: wanda ya fara kai ta ofis shi ne mai ita, kuma yana iya rufe bakin waɗanda suka raine ta.

Ranar Talata sautin ya dawo. Na zauna a ofis, na rufe ƙofa, na kunna. Ranar jana'izar ina tsaye a gaba, amma ban ji komai ba, ina ta lura da kujeru da abincin baƙi don kada in dubi akwatin. Sai ran nan na ji su. Mama Saratu ta ba da waƙar, muryarta ta karye a tsakiyar baiti, matan suka ɗauke mata ba tare da tulu ya tsaya ba. Sau uku na maimaita. A na ukun na yi amshi.

Ki huta lafiya, Mama, sai mun sadu.

'Yarki,
Rifkatu