Idon Baba da Bakinsa

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwa mai tarin yawa, tare da roƙon Allah Ya sa ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Malama da yaran, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya kare ku daga duk abin ƙi. Mu ma nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa benen nan namu ba tare da ta tsaya a tsakiya tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya ba. Maigidan yana nan da tasinsa da mitar cunkoso. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da buɗe firij. Shago kuwa alhamdu lillahi, zaɓe ya matso, keken ɗinki ba ya hutawa, ni ma bayana ba ya hutawa.

Ka san ni da rubutu ba ma ga maciji, don haka in ka ga takarda daga hannuna ka san magana ce ta ci ƙarfin waya. Na ba wa yayan Malama ita ya kawo maka hannu da hannu, saboda na lura duk sanda zance ya karkata wajen gwamnati sai muryarka ta canja, ka ce layin ba kyau. Ban ga laifinka ba. Ga kuma Baba, ido ne kawai ya raunana, kunne na nan garau, ko raɗa na yi a kicin sai ya tambaya da wa nake. Maganar idon nasa ce. Na daman da aka yi wa aiki a wurinku bara an tsayar da ciwon, amma abin da ya riga ya tafi bai dawo ba. Na hagun shi ne jarinsa, to shi ne yanzu ya fara rufewa. Likita ya ce in ba a yi aikin da wuri ba jijiyar za ta mutu, kuma in ta mutu shi ke nan. A asibitinmu na gwamnati na'urar tana nan, na gan ta da idona, cikin kwali a bakin baranda. Gwamnatin da ta sauka ce ta sayo ta, wadda ta hau kuma ta ce sai ta gama binciken kwangilar kafin a buɗe. Ƙwararren da ya iya aikin ya gaji da jira ya tattara ya bar ƙasar, har ana cewa wajenku ya nufa. Ka ga ba mu da wata hanya sai taku, Baba kuwa tun da ya dawo ya kafe ya ce shi da ƙasar nan taku har abada.

Na san ƙarshen abin a gabanka aka yi, amma bari in faɗa maka yadda ya iso kunnena, don mu san muna magana a kan abu ɗaya. Akwai ɗan lambun nan a ƙasan gininku inda tsofaffi ke zama da hantsi. Baba ya yi aboki a can, wani dattijo mai sanda, ba mai jin yaren wani, sai shan shayi da gyaɗa kai. Wata safiya suka sauko suka tarar an kewaye wurin da kwano, an liƙa sanarwa za a gina tasha. Tsofaffin suka kwashi kujerunsu suka watse, ko tari ba wanda ya yi. Shi ne Baba ya ce wa Malama ta kai shi ofishin unguwa. Ita baiwar Allah ta ɗauka maganar takardun asibiti ce. Suna shiga, da bandejinsa a ido, ya daki teburin mutane ya ce wa aka tambaya kafin a kori tsofaffi, kuma a nuna masa ofishin 'yan adawa ya kai ƙara. Malama ta fassara rabi ta haɗiye rabi, amma dukan tebur ai ba ya buƙatar tafinta. Ta kira ka, ka zo da kayan aiki a jikinka, ka kama wuyan hannunsa kana ba su haƙuri, a mota kuma ka ce masa nan ba gida ba ne, ya rufe bakinsa kafin ya jawo a kore ku.

Wallahi Auta, ranar da na ji wannan, da kana kusa da sai na murɗe maka kunne, da gemunka da komai. Baba fa! Mutumin da unguwa gaba ɗaya ke kira Baban Adawa. Ka manta tun yana tuƙin bas ɗin gwamnati bai taɓa zaɓen jam'iyyar da ke kan mulki ba? Ranar da jam'iyyar da ya yi wa yawo har ƙafa ta kumbura ta ci zaɓe, ya yi murna har da raba alewa, washegari da safe ya sa ni na ɓare hotonsu daga ƙofa. Na ce Baba lafiya, ya ce ai sun hau, aikinsa yanzu sa musu ido. Shi a ganinsa gwamnati direba ce, shi kuma ya san direba, in fasinja suka yi tsit gyangyaɗi yake yi. Irin wannan mutumin ka kai ƙasar da jam'iyya ɗaya ce tal, ba ka zaunar da shi ka yi masa bayani ba, sannan ka yi mamaki da ya je neman ofishin 'yan adawa. Shi bai san ana yin ƙasa babu su ba.

Na daɗe ina fushi da kai, ba zan ɓoye maka ba. Sai da yayan Malama ya zo hutu ya zauna a shagona yake ba ni labarin abin da ya biyo baya: yadda aka kira ka a wurin aiki aka yi ta yi maka tambayoyi a kan wane ne tsohon da me yake nufi, yadda takardar zamanku ta maƙale wata da watanni, yadda ka rame har wando yana zame maka, kuma duk wannan ba ka faɗa wa kowa a gida ba. Ni ina nan ina cika baki a inda cika baki ba ya cin kowa komai, kai kana can da mata da 'ya'ya a hannun mutanen da Baba ya dakar wa tebur. Kalmar da ka faɗa masa ba ta yi daɗi ba, har gobe zan ce ba ta yi ba, amma na gane daga inda ta fito.

Tun daga lokacin gidan nan ya zama majalisa. Maigidan ya ce shi a ba shi jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci da asibiti mai magani, a karɓe ƙuri'ar, ya yafe. Baba ya ce wanda ya sayar da bakinsa don a ba shi magani, ranar da aka hana shi maganin da me zai tambaya. Amma ka san Baba ba ya cin amanar gaskiya. Shi da kansa yake ba abokansa labarin yadda ma'aikaciyar jinya ta biyo shi har gida ta duba idon, da yadda ya je tashar bas ɗinku ya ga motoci a jere tsaf ba mai yoyon mai, har ƙwalla ta zo masa don ya tuna akwalar da ya yi rayuwarsa yana turawa. Yana cewa mutanen can in sun fara gada sai sun gama, don ba wanda zai zo bayansu ya ce ba tasa ba ce. Sai kuma ya ɗaga yatsa ya ce amma tsofaffin nan ko tari ba su yi ba.

Ni kuwa da nake ɗinka tutocinsu, na san jam'iyyun nan namu ciki da bai. Mutum ɗaya zai kawo mini koren yadi a wannan zaɓe, zaɓe na gaba ya dawo da shuɗi, da fuskarsa da tumbinsa, ko kunya babu, har ya ce in yi sauri. Wata jam'iyyar kafin in gama kalmasa ta rabe biyu, kowane ɓangare ya aiko a canja tambari. Katin asibitin Inna ya canja launi sau nawa, kowace gwamnati da nata, maganin dai shiru. Abin haushi ne, kuma ina jin haushin. Amma kuma ni ce da aka ɗauke mana ruwa na bi matan layinmu da bokitai muka tsaya a ƙofar kansila muka wanke shi tas, ya fito yana ba mu haƙuri da hula a hannu, muka dawo gida muka yi barcinmu ba wanda ya biyo mu. Ruwan ya zo, bayan zaɓe ya sake ɗaukewa. Ku ba a ɗauke muku ruwa, mu ba a hana mu ihu. In ka ce in zaɓa, wallahi ban sani ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce shi ya sani ba tare da ya yi jim ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Makon jiya na kai Baba awon ido. Manyan haruffan nan na saman allo, waɗanda ko daga titi ana gani, ya kasa karantawa. Da muka fito na ce mu biya shago ya huta. Ya zauna a kan bencin masu jira, ya jawo wata tuta daga tarin da na gama, ya kai ta dab da fuskarsa yana juyawa, ya ce wannan ta waɗanne ɓarayin ce. Auta, kore da shuɗi ne ya kasa bambancewa. Na kashe keke na durƙusa a gabansa, na ce Baba don girman Allah ka yafe wa yaron nan ka je a yi maka aiki, fushi ba zai karanta maka jarida ba. Ya mayar da tutar kan tarin. Can ya ce wa ya gaya mini fushi yake yi. Ya ce ɗa ya ɗaga wa uba murya ba yau aka fara ba, wannan ya wuce tun a mota. Ya ce abin da ya kasa mantawa shi ne hannunka. Lokacin da ka riƙe shi a ofishin nan, hannunka rawa yake yi. Ya ce shi da ya sha hayaƙi mai sa hawaye a yajin aiki bai taɓa gudu ba, bai san akwai ranar da bakinsa zai sa ɗansa karkarwa a gaban mutane ba. Ya ce ya san halinsa, in ya koma zai sake ganin wani abu, bakin zai sake suɓucewa, kai kuma za ka biya. Gara ya rasa idon da ya rasa maka gidanka.

Na yi kuka a shagon nan har mai sayar da zare ta leƙo. Duk watannin nan muna cewa taurin kai ne, ashe kai yake karewa. Na yi ta lallashi, Inna ta sa baki, ta ce masa in ya makance ita ba za ta iya da shi da benen nan ba. Daga ƙarshe ya yarda zai je. Sai dai abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. Ya ce zai koyi yin shiru tun daga nan, don kada ya je can ya ba ka kunya. Motar kamfe ta wuce ta ƙasan taga da lasifika tana zuba ƙarya, Baba ya kalli bango. Abokansa suka zo musamman don su tsokane shi, ɗaya har ya yabi gwamnati da gangan, Baba ya tambaye shi ya jikin iyali. Maigidan da kullum suke kai ruwa rana ya fita baranda ya ce shi ba zai iya kallon wannan ba. Zaɓen ma da za a yi a nan lokacin da yake wajenku, wanda bai taɓa fashi ba tun yana saurayi, bai ce uffan a kai ba. Gidan ya yi tsit, abinci ma kaɗan yake taɓawa.

Don haka ga roƙona. Ka je asibiti ka karɓi rana mafi kusa, ka sanar da ni, ni zan shirya shi. Kada ka turo kowa filin jirgi, ka zo da kanka. A waje ka kula da shi yadda ka ga ya dace, kai ka san ƙasar, ba zan koya maka ba. Amma in kun koma gida kun ci abinci, ka rufe ƙofa da taga, ka zauna kusa da shi ka ja shi da gardama. Ka ce masa jam'iyya ɗaya ta fi, ka ce tsarinmu shirme ne, ka faɗi duk abin da zai tayar masa da jijiyar wuya, ka bar shi ya yi ta faɗa har ya gaji. Ba na so a gyara mana ido a dawo mana da wani tsoho da ba mu sani ba.

Ka gaida Malama da kyau, ka ce mata na gode da haƙurinta, kuma rabin da ta haɗiye Allah Ya saka mata. Ka shafa mini kan yaran. Inna tana gaishe ku tana sa albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Maigidan da 'ya'yanka na nan duk suna gaisuwa, haka Gwaggo da Kawu. Kafin in naɗe takardar na je ɗaki na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa, sannan ya ce in rubuta maka cewa kada ka ji tsoro, wannan karon ba zai ce komai ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki