Zumar da Na Sa Aka Ba Kawu Falalu

Karaye, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Laure,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ina fata duk mutanen Rogo suna lafiya.

Na san kin ji Kawu Falalu yana kwance a asibiti nan Karaye. Alhamdu lillahi ya farfaɗo, yau har ya nemi ruwan alwala. Na kuma ji Inna tana bin gida-gida tana cewa Daktanta ne ya ceci ƙanenta. Abin da ya sa na nemi takarda ke nan, don sau biyu ina kiran ki a waya bakina yana ƙin buɗuwa.

Yaya, ni ba likita ba ne, ba kuma likitanci nake karantawa ba. Makina bai kai ba, aka ba ni kimiyyar binciken jikin ɗan Adam da cututtuka. Mu ne mutanen ɗakin gwaji, masu leƙa jini a madubi. Karatu ne mai kyau, wallahi ina son sa. Amma ranar da na zo gida da farar rigar ɗakin gwaji, Inna ta rangaɗa guɗa, unguwa ta ɗauki Dakta, ni kuma daɗi ya kwashe ni na yi shiru. Shekara biyu ke nan ina amsa sunan da ba nawa ba.

Kin san halin mutanenmu. In an yi gwaji aka ga layin ganin likita ya yi tsawo, sai a naɗe takardar a kai wa ɗan gida mai boko. Haka Kawu ya yi. Ƙishirwa ta dame shi, ga yawan fitsari, ga rama. Ya zo Karaye aka ɗebi jininsa, ya leƙa layi, ya tuna yana da Dakta a gida, ya hau babur ya koma Kurugu inda nake hutu. A gaban mutane ya miƙo mini takardar, yana murmushi.

Na ga an rubuta sukarin jininsa sha tara. Ashe ma'auni biyu ne, kamar mai awon hatsi da gwangwani da mai awo da tiya. A wanda na haddace, mai lafiya yana tsakanin saba'in da ɗari. Sai na gyara zama, na ce sukarinsa ne ya yi ƙasa ƙwarai, a riƙa dama masa fura da zuma, a haɗa masa da lemon kwalba. A ma'aunin takardar kuwa mai lafiya ba ya wuce shida ko bakwai. Ciwon sukari ne da shi, Yaya, ni kuma na sa aka yi ta ɗura masa zuma kwana uku. A rana ta huɗu da safe ya faɗi a tsakiyar garke.

Gaskiya ne ni na nemo motar da ta kawo shi. Iyakar ceton da na yi ke nan. Kar ki faɗa wa kowa tukuna.

Ƙanenki,
Suhaibu

Karaye, ranar Alhamis

Yaya Laure,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Direban Rogo ya kawo mini amsarki. Na gode da ba ki zage ni ba, ko da yake da kin zaga da ya fi mini sauƙi.

Ranar Litinin likitar da ke duba Kawu ta tambaye shi abin da ya riƙa ci kafin ya faɗi. Ina tsaye a gefen gadon. Ya ce kwaɗayinsa ne, shi tun yana yaro ba ya ganin zuma ya ƙyale. Ko kallona bai yi ba. Matarsa Ummu Hani, wadda ta dama furar da hannunta bisa umarnina, ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Na bi likitar waje na faɗa mata komai. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko takardar ta nuna mini sunan ma'aunin, ga shi nan rubuce kusa da lambar, ban duba ba don ina sauri in burge jama'a. Ta ce in da ma'aunina ne, mai sha tara ba ya tuƙa babur, ɗauko shi ake yi. Wannan ma na sani, an koya mana. Idon Kawu na dama yana gani dishi-dishi, ta ce ba ta da tabbacin zai washe.

Da na nemi gafarar Kawu, sai ya ce ya yafe, amma in rufe bakina, kada in karya wa yayarsa zuciya. Na so in bi maganarsa, don ta yi mini daidai. To jiya sai ga Murja maƙwabciyar Inna, tun daga Rogo, da takardar gwajin 'yarta a ƙulle a gefen zane. Inna ce ta turo ta wurin Dakta. Na kai ta layi na zauna da ita har ta ga likita, tana ta mamakin abin da ya hana ni karantawa. Muddin Inna ba ta sani ba, haka za ta ci gaba da turo su.

Zan koma makaranta in kama karatuna na ɗakin gwaji da gaske, in Allah Ya so in fito mai bincike na kirki. Amma kafin nan ina roƙon ki abu ɗaya. Inna ba ta karatun boko, ni kuma na san in na zauna a gabanta zan yi ta kewaye-kewaye. Ki ɗauki wasiƙun nan biyu ki karanta mata. Na san ki da tausayi, Yaya, za ki so ki tsallake wani wurin. Don Allah kar ki tsallake wurin zumar. Ranar Asabar zan zo in tsuguna a gabanta.

Ki gaishe da yara.

Ƙanenki,
Suhaibu