Ƙarfin Da Wuta Ta Tsotse

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya makaranta, ya ɗalibanki? Mu nan lafiya lau, in ban da Baba.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ƙarshen wata likitocin masana'anta za su sake zama. Duk wanda suka ga aiki ya ci ƙarfinsa, za a ɗauke shi daga bakin tukunyar narka ƙarfe a mai da shi sito, inda ake aiki a zaune. Kin san abin da ya yi mana bara. Ya sa na goge masa riga, ya yi aski, ya hau benen likita da sauri kamar sabon ango, aka tambaye shi ya ce garau yake. Da ya dawo gida kwana biyu ya yi a kwance. Shekara ashirin da shida ke nan yana shan wannan wuta, ni kuwa na rantse ba zai cika ta ashirin da bakwai ba.

Bana sun yarda iyali su kawo takarda da Turanci, amma sai ma'aikacin ya sa hannu. Ni keken ɗinki na sani, ke ce malamar Turanci, to ga ranarki. Ki rubuta cewa ya raunana, da irin Turancin da zai kaɗa hantar likita.

Inna na gaishe ki. Ki huta lafiya.

Yayarki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta same ni a ɗakin malamai, sai da na fita waje na share hawaye.

Na buɗe ƙamus, na tarar Turanci ya tara kalmomin raunana abu kamar mai shirin buɗe kanti. Akwai ta tsotse ƙarfi kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake tatsar ruwan itace. Akwai ta cin abu ta ƙasa, irin yadda ruwa ke cin gindin katanga. Akwai wadda ciwo ke yi, akwai ta gajiyar yini ɗaya. In na zaɓi ta gajiya, hutun mako za su ba shi su mai da shi bakin wuta. Kuma likita ba ya tsoron babbar kalma, hujja yake so.

Don haka ki ajiye almakashi ki sa masa ido mako guda. Me yake yi da, wanda yanzu ya daina? Ki rubuto mini komai, kada ki ji kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A gaishe mini da Inna.

Auta

Auta,

Muna lafiya. Kin mai da ni 'yar leƙen asiri a gidan ubana, Allah ya yafe mana ni da ke.

Ga abin da na gani. Yana fita aiki rabin awa kafin lokacinsa na da. Na bi shi a baya, ashe sau uku yake hutawa a hanya, har mai faci ya san shi ya ware masa benci. Buta da hannu biyu yake ɗauka. Ya daina saɓa ɗana a kafaɗa, wai yaron ya yi nauyi, yaron da iska ke kayarwa. Sallar nafila kuma ya koma yi a ɗaki da ƙofa a rufe. Na leƙa ta taga, a zaune yake yi.

Jiya ya kama ni ina rubutawa. Ya karanta tas, ya ninke ya miƙo mini, ya ce, "Ni ba zan sa hannu a ce na ƙare ba." Na ce, "Baba, ai ba wanda ya ce ka ƙare." Ya ce in koma kan ɗinkina. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban janye ba. Saura kwana goma sha ɗaya.

Yayarki

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ga takardar nan a haɗe, na fassara maka ita da Hausa a bayanta don kada ka ce an rufe ka. Babu inda na ce kai rago ne. Na ce wuta ta daɗe tana tsotsar ƙarfinka kullum kaɗan, kuma na kawo hujja. Da wannan ƙarfin ka ciyar da mu ka kai ni makaranta. Ragowar muke roƙo ka bar mana.

In ka ƙi sa hannu, zan ɗauki hutu in zo in tsaya gaban likitocin in faɗa da bakina, ko da za ka yi shekara ba ka yi mini magana ba. Ka gafarce ni, taurin kan a wurinka na gada, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

'Yarka mai biyayya,
Auta

Auta,

Na samu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Ba zuwanki nake tsoro ba. Akwai abin da yayarki ba ta gani ba, don ba a gida ya faru ba. Shekaranjiya ludayin narkakken ƙarfe ya suɓuce mini. Taku ɗaya ya rage ya zube a ƙafar abokin aikina, mai 'ya'ya biyar. Shi ya share wurin, ya ce wa shugaba shi ya yar, ba ni ba.

Ki ƙara wannan a takardar. Ki nemo kalmar da ta fi duka tsanani, ki aiko, zan sa hannu.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki