Gayyar da Aka Yi wa Latas

Getso, Gwarzo

Zuwa ga maigidana, Baban Badi'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ƙafar? Allah ya sa kaffara ne. Badi'a kullum sai ta tambayi yaushe asibitin Kano zai sako mata babanta. Tunda wayarka ta fashe a hatsarin, na ba direban motar Gwarzo wannan takarda. Ka gyara zama kafin ka karanta.

Ka san na je suna Kabo. Da na dawo, tun daga zaure na ji gidan shiru, babu ƙarar ruwan nan da ke zagayawa cikin bututanka. Na shiga, sai na saki jakata. Bututan nan duk an wanke su tas, an jingine su a bango. Tankin da kake haɗa ruwan taki an kife shi. Latas ɗinka kuwa, wanda ka raina da ruwa zalla babu ko ƙwayar ƙasa, yana bayan gida a kan kunya, an dasa shi layi-layi, ya yi yaushi kamar tsumma. Innalillahi! Ko kuka na kasa.

Ashe Baffa Ja'afaru, ƙanen mahaifinka, shi ya kira maka gayya. Ya ce ba a barin shukar majinyaci ta lalace alhali yana da dangi. Da suka ga saiwa tana reto a ruwa, sai suka ɗauka iri ne ka raina, hatsari ya hana ka dashe. Mutanen da ke maka dariya suna cewa kana noma a famfo, su ne suka wuni a rana da fartanya saboda kai. Har takin awaki suka kawo daga gidajensu.

Bayan isha Baffa ya zo, fuskarsa fal murna. Ya ce shekarar da ciwo ya kwantar da shi, marigayi mahaifinka ne ya tara mutane suka nome masa gona, kuma sai yau ya samu ya rama. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani. Na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, sai na ji kaina ina cewa Allah ya saka da alheri.

Tumatirin da ke cikin bokitai a rumfa, wanda shi ma a ruwa kake rainonsa, bai samu shiga ba, rana ta faɗi kafin su kai gare shi. Ya fara fure, shi kaɗai ya rage maka. Sun ce Asabar za su dawo masa.

Ni dai bakina ba zai iya ba. Ka ari waya ka kira Baffa da kanka. In kai ma ka kasa, ka aiko min in jiƙa gero, don 'yan gayya ba sa aiki da yunwa.

Allah ya tashi kafaɗarka.

Matarka,
Ikilima