Bencin da Ba Shi da Majingina

Lahadi, 8 ga Satumba

Yau Fasto ya yi wa'azi a kan munafukai. Ya ce kalmar da aka rubuta da Helenanci, hupokirites, asalinta sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, mai ɗora fuskar aro ya fito gaban jama'a, a tafa masa, ya koma gida ya rataye ta a ƙusa. Wai da wannan suna Yesu ya kira Farisiyawa. Na saci kallon ɗan'uwana dattijo, wanda muke kira Dogon Addu'a, sai gyaɗa kai yake yi yana amin, kamar ba da shi ake ba. Saura kaɗan dariya ta kuɓuce mini a layin dattawa.

Mai Kitso tana can bencin baya ita kaɗai, inda ake zaunar da waɗanda aka sa wa horo. Ni na ƙera bencin nan. Cewa aka yi kada in sa masa majingina, don mai zama ya ji a jikinsa.

Laraba, 11 ga Satumba

Na ɓata katakon mutane yau, hankalina ba ya kan zarto.

Abin da ke cina ke nan. Da shanyewar jiki ta kwantar da Maman yara, matan coci sun zo cikin anko, suka tsaya a ƙofar gida suna waƙa har titi ya cika, aka ɗauki hoto. Ko ɗaya ba ta wuce labulen ɗaki ba, saboda wari. Mai Kitso ce ke shigowa ta ƙofar baya, ta juya ta, ta wanke ta, ta yi mata kitso tana ba ta labarin unguwa har ta yi murmushi da rabin baki. Ita ta rufe mata ido. Laifinta kuwa, tana zaune da wani direba ba a ɗaura musu aure a coci ba. Masu hoto suna cin Jibin Ubangiji, ita faranti ya tsallake ta. To, wa ke sanye da fuskar aro?

Juma'a, 20 ga Satumba

Taron dattawa. An ce a watan Nuwamba za a sa wa auren Mai Kitso albarka a cire mata horo, in ta ci gaba da tawali'u. Na ce a cire yanzu mana, me ake jira? Dogon Addu'a ya ce tsari tsari ne. Na ce masa ya rataye fuskarsa a ƙusa tukuna, mu ga ta ainihi. Fasto ya yi ta ba da haƙuri. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba.

Asabar, 28 ga Satumba

Na gaya wa 'yata Auta abin da na shirya: ranar Jibi zan kai farantin gurasa har bencin baya, in miƙa wa Mai Kitso, kowa yana gani. Ta ce, Baba, ka tambaye ta? Yarinya ke nan. Ana tambayar mai ƙishi ko yana son ruwa?

Asabar, 5 ga Oktoba

Gobe ne. Na goge takalmi, na sa Auta ta guge mini farar riga. Har na tanadi amsar da zan ba su.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na yi. Na gama raba gurasa a layina, maimakon in juyo sai na zarce. Waƙa ta fara mutuwa a bakin mawaƙa, kawuna suka juyo, na ji daɗi har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba. Na tsaya a gabanta na ɗaga murya, na ce karɓi, kin fi mu duka cancanta.

Ba ta miƙo hannu ba. Ta tura hannuwanta ƙarƙashin gyale, ta sunkuyar da kai. Na tsaya riƙe da faranti kamar mai tallan da ba a saya ba. Can ta tashi ta fita, takalminta ɗaya ya cire a bakin ƙofa, ba ta tsaya ɗauka ba.

Tsoro suka sa mata, shi ke nan.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na kai mata takalmin a shagonta. Ta sallami wadda take yi wa kitso, ta ba ni kujera, ta gaishe ni har ƙasa kamar kullum. Na fara cewa kada ta ji tsoron kowa. Sai ta ce:

"Baba, da ka tsaya a gabana, ba ni kake kallo ba. Su kake kallo."

Ta ce ta gaji da zama abin nuni. Mahaifiyarta ta tsufa, burinta ɗaya ta ga an sa wa auren nan albarka tana da rai. Ta ce jinyar Maman yara kuwa, ba don a biya ta a gaban jama'a ta yi ba.

Na dawo ban ci abinci ba. Ni ake gaya wa haka? Ni da na tsaya mata?

Alhamis, 10 ga Oktoba

Sun sauke ni daga matsayin dattijo, sun sa mini horo. Ko a jikina. Su riƙe farantinsu.

Amma sun ɗaga maganar auren Mai Kitso zuwa baɗi, wai bakinmu ɗaya. Da Auta ta ji, sai ta kwashe kwanuka ta fita. Gara ta zage ni.

Talata, 22 ga Oktoba

Na je gidan Dogon Addu'a da hantsi, lokacin da layinsu ba kowa. Na same shi ƙafa a kumbure cikin ruwan ɗumi, ashe ya tsufa haka. Na ce masa yarinyar nan ba ta san komai ba, ni kaɗai na shirya, a mayar mata da Nuwambanta, ni a ƙara mini nata horon a kan nawa. Na ce don Allah. Kalmar ta yi mini nauyi kamar gungume. Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Ba tuba na je yi ba, a sani. Har gobe 'yan wasa ne.

Daga can na karɓi makulli wurin mai gadi, na shiga coci da guduma da katako. Ba kowa, sai tattabaru a rufi. Ina cikin aiki na kama kaina ina waiwayen ƙofa, ko wani zai shigo ya gan ni. Na juya mata baya na ƙarasa buga ƙusoshin.

Bencin ya sami majingina. Ai nima can zan zauna ranar Lahadi, kuma bayana yana ciwo. Dalilin ke nan, in an tambaya.