Ɗigon Ƙaro a Kibod ɗin Gwaggo

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Gwaggo Fatsuma, ƙanwar Baba, ta aiko min da kibod ɗin kwamfutarta daga Jahun a cikin buhun shinkafa. Maɓallan E da N sun daina kamawa. Da shi ta yi aiki har ta yi ritaya, ta saye shi a gwanjon ofis. Yanzu da shi take buga wa Islamiyyar unguwarsu takardun jarrabawa. A waya ta ce, "Kamilu, tunda kai ne mai tara gawar kibod, ka tayar min da wannan. Malam Ubaidullahi na Islamiyya ya ce in na makara, shagon kwamfuta za su koma kaiwa."

Na ajiye shi kan tabarma na daɗe ina kallo. Duk cikin waɗanda na tara babu mai nauyinsa. Kowane maɓalli da sifirin ɗinsa a ƙasa. Ka danna, ya amsa maka: ƙas. Anya na isa in buɗe shi?

Lahadi, 8 ga Satumba

Na ɗauki hotonsa kafin in taɓa, kamar kullum. Sannan na ciccire maɓallan. A ciki: ƙwayar gero, fil ɗin mayafi, ɓawon goro. Amma abin da ya tsayar da ni, wasu maɓallan sun lotsa a tsakiya kamar dutsen niƙa. Yatsa fa! Nama ya cinye roba. Ikon Allah.

Wasu kuma da ɗigo-ɗigon datti mai tauri, kamar busasshen kunu. Na jiƙa su a ruwan omo, na bi su da tsohon burushin haƙori. Matata Ruwaida ta leƙo daga kicin: "Maigida, ko 'ya'yanka ba su taɓa samun irin wannan wankan ba."

Talata, 10 ga Satumba

Dalma ce ta saki a wuri biyu. Na sake liƙe ta. Lotsattsun maɓallan na canza su da masu kyau daga nawa. Ya fito fes. Yau kam na ji kamar na iya wani abu.

Asabar, 14 ga Satumba

Jahun.

Gwaggo ta ɗora yatsunta, sai ta tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa. "Wannan ba nawa ba ne."

Na ce naki ne, Gwaggo, wanka ya yi. Ta fara bugawa. Abin da ke fitowa a allo shirme ne zalla. Fuskarta na kallon allon, amma ni ta tambaya: "Ya fito daidai?"

Nan na gane ba ta gani.

Hawan jinin ido ne, in ji likita. Haske kawai take gani yanzu, da inuwar mutum. Malam bai sani ba. Ta ce masa ya riƙa turo tambayoyin da murya a waya, wai ya fi sauri. Ɗigon da na kankare ba datti ba ne. Ƙaro ne. Ita ta ɗiɗɗiga shi da hannunta lokacin da idon ya fara tafiya, don ta san inda take. Lotsawar ma hanya ce a wajenta.

"Kai dai tun kana yaro haka kake," ta ce. "Ko tuwo aka ba ka sai ka gyara masa baki." Dariya take. Ni ban iya ba.

Sai ta ce a hankali, in aikin nan ya bar hannunta, zaman jiran abinci kawai ya rage mata.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ban ci abin kirki ba.

Litinin, 16 ga Satumba

Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Ashe ɗigon ba iri ɗaya ba ne. Wani guda, wani biyu a jere, wani dogo kamar tsagar fuska. Tsari ne cikakke, ta shirya wa duhu tun kafin ya iso, ba ta gaya wa kowa ba. Ni kuma na zo da omo.

Alhamdu lillahi ba na zubar da komai. Tsofaffin maɓallan na nan cikin gwangwanin madara.

Laraba, 18 ga Satumba

Na nemi izini a wajen aiki. Na sayi ƙaro a kasuwar Jahun, na mayar da lotsattsun maɓallan mazauninsu. Da na ɗauko tsinke zan ɗiga bisa hoton, ta buge min hannu.

"Idonka ne zai yi aikin ko yatsana?"

Ita ta yi. Ta taɓa, ta ɗiga, ta hura. Muka ajiye shi a inuwa, muka yi azahar, muka ci dambu. Ina ta fargabar ba zai kama ba.

Bayan la'asar ta kunna muryar Malam, ta hau bugawa. Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Kamar ruwan farko a kan kwano. Kanta a sama, idonta a rufe. Can ta tsaya, ta koma baya, ta goge harafi ɗaya tun kafin in buɗe baki.

"Ya kika sani?"

"Ba ka ji ba? Kukansa daban ne."

Shekara nawa ina sauraren sifirin, ban taɓa sanin kowanne da muryarsa ba.

Ta sa na yi alkawari ba zan faɗa wa Malam ba. Ni ma na sa ta yi nata: in an gama jarrabawa, zan kai ta wajen likitan ido. Ta ce, "Ji yaro da ciniki."

Alhamis, 26 ga Satumba

An yi jarrabawa da takardunta. Malam ya riga ya turo na zango mai zuwa.

Asabar, 28 ga Satumba

Wani abokina ya kawo min tsohon kibod daga Kafin Hausa. Bai san mai shi ba. Na haɗa ruwan omo, na jera burushi. Sai na ga maɓallinsa na A ya lotsa ta gefe guda, kamar na mai karkataccen yatsa. Na rufe ido na ɗora nawa a wurin. Ban san tsawon zaman da na yi ba.

Ruwaida ta ce, "Ruwan ya huce fa. Yau ba wanka?"

Na ce ta wanke kwanuka da shi. Ƙura kawai na hure masa. Ƙila gobe.