Kwalbar da Na Wanke

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Tela maƙwabcinmu ne ke rubuta min, kin san ubanki bai shiga aji ba.

A bakin yayarki na ji an ba ki digirin Dakta. A bakin yayarki! To, Allah ya sa albarka.

Shekara talatin da ɗaya ina wanke kwalabe a ɗakin gwajin nan na jami'a, ban taɓa fasa ko ɗaya ba. A kafaɗata kika fara ganin ruwan tagulla ya koma shuɗi. Amma ranar da ƙwayoyin sinadarin bincikenki suka ɓace, a gaban ɗalibai kika ɗaga min murya. Na sani wata takwas kika yi kina renon su a kwalba. Na sani washegari za ki sa su a na'urar nan mai haska su ta zana layi, ki gane yadda ƙarfen ya zauna a tsakiya da abin da ke riƙe da shi. To ni na ce ki ajiye kusa da wurin wanke-wanke? Na faɗa miki ban taɓa ba, kuma ina nan a kan bakana.

Shekara uku ke nan ba kya kira. Ni ma ba zan kira ba.

Ubanki.

*

Auta,

Ina gaishe ki. Yaya jiki, yaya aiki? Kada ki yi dariyar rubutun nan, hannuna ne. Shekara biyu ina zuwa ajin manya a ɓoye. Ban so tela ya ji wannan.

Likita ya duba idona. Na hagu ya tafi, na dama ya ce da wuya ya wuce bana. Shuɗi da kore duk sun zama ɗaya a wurina.

Ni na wanke kwalbar. Na ga ɗan busasshen abu a gindinta kamar gishiri mai launi, na ɗauka datti ne. Na ga takardar da kika manna a jiki. Kina tsaye taku biyar daga ni, kina yi wa Farfesa bayani. Na kasa zuwa in ce a gabansa 'yata ta karanta min. Sai na sakar mata ruwa. Har goga na sa.

Da kika yi kuka na so in faɗa, bakina ya ƙi. Shekarar da kika maimaita, ni na ci miki ita.

Ɗaga muryar dai ba ki kyauta ba, wannan ban janye ba.

Ba sai kin yi min magana ba. Ki zo ki zauna ta hannun damana, kusa da taga, da hantsi. Lokacin nake ɗan gani.

Na bar ki lafiya.

Babanki.